Taruwar Dauɗar Bakteriya a Kan Wayar Gyaran Haƙora: Bitar Bincike da Halin da Ake Ciki a Gadarif, Sudan

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun binciken da aka yi kan yadda bakteriya ke taruwa a jikin wayar da likitoci ke ɗaurawa don daidaita haƙora, ta kuma auna sakamakon da yanayin Gadarif a gabashin Sudan. Matsayar maƙalar ita ce, inda ganin likita ya yi wuya, daɗewar waya a baki ta fi nau'in ƙarfenta haɗari.

Gabatarwa

A da, yawancin ƙwararrun likitocin daidaita haƙora a Sudan a Khartum suke aiki, kuma a can ne mafi yawan masu buƙata ke sa waya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tarwatsa wannan tsari. Jama'a sun kwarara gabas, kuma da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023 sai Gadarif, garin riɗi da dawa da jiharsa ke maƙwabtaka da Habasha, wanda Hausawa da Fulani suka daɗe da zama a cikinsa tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, ta ƙara cika da 'yan gudun hijira. Duk wanda ya gudo da waya a bakinsa ya rabu da likitan da ya kamata ya riƙa duba shi bayan mako 4 zuwa 6. Tambayar ita ce: me ke faruwa da wayar, da haƙorin da ke ƙarƙashinta?

Yadda dauɗar ke kafuwa

Mintoci kaɗan bayan an ɗaura waya, sinadaran furotin na yawu suke lulluɓe ta da wani siririn rufi. A kansa bakteriya ke samun makama, su hayayyafa, su gina wa kansu wani danƙo daga sukarin da mutum ya sha. Mafi shahara a cikinsu ita ce Streptococcus mutans, wadda Clarke ya bayyana a 1924; tana mayar da sukari asid. Stephan ya nuna a 1944 cewa da zarar sukari ya shiga baki, ma'aunin pH na dauɗar kan faɗi cikin 'yan mintoci, sai bayan rabin sa'a zuwa sa'a guda yake dawowa. Idan ya sauka ƙasa da 5.5, farin ɓawon haƙori ya fara narkewa ke nan.

Alamar farko fari ce fat kamar alli, a gefen ɗan maɓallin da aka manna wa haƙori, musamman ta wajen dasashi. Ba ta ciwo, shi ya sa marar lafiya ba ya lura. Gorelick da abokan aikinsa sun samu irin wannan tabo a kusan rabin waɗanda aka cire wa waya a bincikensu na 1982, Øgaard kuma ya tabbatar a 1988 cewa mako 4 sun isa ya fara fitowa, wato kafin ma a koma wajen likita karo na farko.

Nau'in waya da kaushinta

Wayoyi uku aka fi amfani da su: ƙarfe marar tsatsa, haɗin nikel da titaniyam wanda Andreasen ya shigo da shi aikin haƙori a farkon shekarun 1970, da haɗin titaniyam da molibdenam na Burstone da Goldberg na 1980. Ƙarfe marar tsatsa ya fi su santsi tun daga masana'anta. Kaushi kuwa shi ne mafakar bakteriya, domin a cikin ramukan da ido ba ya gani ba yawu ba burushi da ke iya kai musu. Bollen da abokansa sun nuna a 1997 cewa idan kaushin ya wuce mikiromita 0.2, taruwar dauɗa na ƙaruwa.

Sai dai santsin sabuwar waya ba ya ɗorewa, kuma nan ne batun ya fi shafar Gadarif. Marques da abokansa a Barazil sun ciro wayoyin ƙarfe marar tsatsa bayan mako 8 a baki, a 2010, suka tarar datti da kaushi da gogayya duk sun ƙaru. Ƙaruwar gogayya na nufin haƙori ya rage motsi, aikin ya tsawaita, dauɗa ta sami ƙarin lokaci. Wayar kwalliya mai farin fenti, wadda matasa ke so don ba ta fitowa a hoto, ta fi lalacewa: Elayyan da abokansa sun ga kashi 25 cikin 100 na fentin ya ɓantale cikin kwana 33. Haka nan zoben robar da ke riƙe waya. Binciken Forsberg na 1991 ya nuna ya fi siririyar wayar ɗauri tara ƙwayoyin cuta. Idan mako 8 sun yi wannan ɓarna, babu hujjar zaton alheri ga wayar da ta shekara ba a taɓa ta ba.

Yanayin Gadarif

Ƙarancin ruwan sha tsohuwar matsala ce a garin, unguwanni da yawa sun dogara da masu sayar da ruwa a amalanken jaki, ga kuma kwalara da aka ayyana ɓarkewarta a jihar a Satumbar 2023. Gidan da ke lissafin ruwan dahuwa ba zai ware na goge baki sau uku a yini cikin sauƙi ba. A gefe guda, shayi da gahawa masu sukari da zoɓo ana kurɓarsu ne a hankali, safe da rana da maraice. Kowace kurɓa sabuwar faɗuwar pH ce. Yawan lokutan sha ya fi yawan sukarin cutarwa.

Asuwakin itacen arak, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da amfaninsa a 1986, yana da araha kuma ba ya cin ruwa. Amfaninsa a fuskar haƙori tabbatacce ne, amma bakinsa ba ya kutsawa ƙarƙashin waya tsakanin maɓallai biyu, inda dauɗar ta fi kauri. Wurin nan sai ƙaramin burushin tsakanin haƙora.

Shawarwari

Inda ba a da tabbacin marar lafiya zai dawo a kan lokaci, a guje wa waya mai fenti, a ɗaure da siririyar waya maimakon roba, a kuma goge wayar ko a sauya ta duk lokacin da aka gan shi. A nace kan man goge baki mai fuloraid 1450 ppm, safe da dare, a tofar ba tare da kurkurewa ba, abin da ke rage buƙatar ruwa ma. Maganin kurkure baki na kuloheksidin na ɗan lokaci ne, domin yana rina haƙora. Akwai buƙatar masana a Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa a 1994, su ƙidaya masu wayar da suka rabu da likitocinsu, su auna dauɗarsu da ma'aunin Silness da Löe na 1964, wanda madubin baki da tsinken gwaji kawai yake buƙata. Wanda kuwa aka ga farin tabo ya bayyana, dasashinsa na jini, kuma ba shi da hanyar ganin ƙwararre, kowane likitan haƙori ya cire masa wayar. Karkataccen haƙori ana iya daidaita shi bayan yaƙi. Ɓawon da ya riga ya rufta ba ya sake tsirowa.