Yajin Aiki da Rigimar Fansho a Lome da Rabon Mutanen Zongo

Fansho a ƙasar Togo gadon mulkin Faransa ne, kuma tun asali don mai albashi aka yi shi. Asusu biyu ke riƙe da shi: CRT na ma'aikatan gwamnati, da CNSS na ma'aikatan kamfanoni. Tsarinsu ɗaya ne: abin da aka yanka daga albashin masu aiki a yau, da shi ake biyan waɗanda suka yi ritaya. In masu zubi suka ragu, tsofaffi ne za su ji a jikinsu.

Mafi yawan mutanen Zongon Lome ba su shiga wannan lissafi ba. Unguwar ta kafu ne da fatake Hausawa da sauran Musulmi 'yan arewa masu cinikin shanu da goro, da mahauta da dillalai. Tanadin tsufan mai gida a nan shi ne yaran da ya saukar a gidansa, ya ci da su, ya ba su jari, ya yi musu aure. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, su ke zuwa kara a madadinsa su kawo masa rabonsa. Mata kuwa suna da adashi. A 1977 gwamnatin Janar Gnassingbe Eyadema ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka mai da mutanensa can arewa, wajen Agoe. Gidajen haya da mutum ya dogara da su don ranar tsufa suka tafi, kasuwa ta yi nisa.

A wancan zamani ƙungiyar ƙwadago ɗaya ce tak, CNTT, kuma a aljihun jam'iyyar RPT mai mulki take, don haka maganar yaji ba ta taso ba. Da tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ya zo bisa sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka rage ɗaukar ma'aikata, aka sayar da wasu kamfanonin gwamnati, aka rufe wasu. Daga nan asusun fansho ya fara rama.

Yajin da Lome ba ta manta ba shi ne na sai-baba-ta-gani da aka fara ranar 16 ga Nuwamba 1992. Na siyasa ne, 'yan adawa da ƙungiyoyin ƙwadago masu zaman kansu suka kira shi a kan Eyadema, amma ya shafe kusan wata tara, zubi ya tsaya, bashin albashi da na fansho ya taru. Bayan kisan da aka yi wa masu zanga-zanga a dandalin Freau Jardin da ke Lome ranar 25 ga Janairu 1993, jama'a suka yi ta tserewa Gana da Binin. Mahaucin Zongo bai shiga yaji ba, sai dai wanda zai sayi naman ba shi da albashi, ko ma ya bar gari. A wannan tsakani ne, da motocin haya suka yi ƙaranci, acaba, wanda ake kira zemijan, ya cika titunan Lome. Ba a gama farfaɗowa ba aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, fanshon da ke hannun tsoho ya daina sayen abin da ya saba saye.

Wannan ne ya sa rigimar shekarun ritaya a Togo ta sha bamban da ta Faransa. A can ma'aikata sun cika tituna a 2010 don an ɗaga shekarun daga 60 zuwa 62, suka sake fitowa a 2023 da aka kai su 64. A Lome kuwa ma'aikaci neman a bar shi ya ƙara shekaru a ofis yake, domin ajiye aiki yana ɗan 55, da yara a makaranta da fansho kaɗan, ba hutu ba ne. Dokar 2008 ta kai manyan ma'aikatan gwamnati shekara 60, ta bar ƙanana ƙasa da haka. Daga baya kuma aka dakatar da kuɗin sallama da ake ba mai ritaya a dunƙule.

A 2013 malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka juya wa tsofaffin shugabannin ƙwadago baya, suka taru a sabuwar haɗaka mai suna STT. Cikin buƙatunsu, ban da ƙarin albashi, akwai daidaita shekarun ritaya da dawo da kuɗin sallama. Makarantu suka rufe, ɗalibai suka fito neman a biya malamansu, kuma a watan Afrilu aka rasa ɗalibai biyu a Dapaong, can arewacin ƙasar. Sai bayan shekaru gwamnatin Faure Gnassingbe ta dawo da kuɗin sallamar, shi ma a rage.

Dokar CNSS ta 2011 ta tsayar da ritaya a shekara 60, bayan zubin shekara 15, ta kuma buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu. A kamfani ma'aikaci na ba da kashi 4 cikin ɗari na albashinsa, mai kamfani ya ƙara kashi 12.5 a asusun fansho. Dillalin shanu ko ɗan acaba na Agoe-Zongo ba shi da wanda zai cika masa wancan babban kaso, kuma samunsa na yau ba na gobe ba ne, shi ya sa har yanzu masu rajista a cikinsu ba su taka kara sun karya ba.