Nazarin Siffofi da Ajin Lamba 4,294,967,297

Tsakure

Maƙalar ta nazarci 4,294,967,297, wato 2^32 + 1, ta kawo hujjar rabuwarta, ta kuma fayyace ajin da take ciki. Manufa ita ce a nuna cewa misalai komai yawansu ba sa maye gurbin hujja a ilimin lissafi.

Gabatarwa

Lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, a nan za mu kira ta gagara-rabo. A shekarar 1640 Pierre de Fermat ya yi hasashen cewa duk lamba mai siffar 2^(2^n) + 1 gagara-rabo ce. Biyar na farko, 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk sun gaskata shi. Ta shida kuwa, wadda muke nazari a kanta, sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 641 tana raba ta:

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417

Hujja

Sirrin yana cikin siffofi biyu na 641: ita ce 5 × 2^7 + 1, ita ce kuma 5^4 + 2^4. Idan aka yi lissafin saura bisa 641, siffa ta farko ta ba da 5 × 2^7 ≡ −1. In aka ninka wannan da kansa har sau huɗu, za a samu 5^4 × 2^28 ≡ 1. Siffa ta biyu ta ce 5^4 ≡ −2^4. Da aka musanya, sai −2^32 ≡ 1, ma'ana 641 ta raba 2^32 + 1 ba saura. Wannan ya dace da ƙa'idar Édouard Lucas ta 1878, wadda ta wajabta wa duk gagara-rabon da ke raba wannan lamba siffar 128k + 1. Ga shi kuwa 641 = 5 × 128 + 1, sannan 6,700,417 = 52,347 × 128 + 1.

Aji

Gagara-rabo biyu kacal suka gina ta, don haka masu raba ta huɗu ne. Jimillar ukun da ba su kai ta ba 6,701,059 ce, wadda ta gaza lambar kanta, saboda haka tana cikin gajiyayyun lambobi. Ana rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ta hanya biyu: 65,536² + 1² da 62,264² + 20,449², abin da gagara-rabo ba ta taɓa yi. Duk da haka tana tsallake gwajin Fermat bisa tushen 2, wato tana shigar burtu a matsayin gagara-rabo. Bisa sakamakon Gauss da Wantzel kuma, ba za a iya zana siffa mai gefuna 4,294,967,297 wadda gefunanta da kusurwoyinta duk daidai suke da kamfas da rula kaɗai ba.

Kammalawa

Misalai biyar da gwaji ɗaya sun goyi bayan Fermat, layi huɗu na hujja suka rushe hasashensa. Har yau ba a gano wata gagara-rabo a wannan jeri bayan 65,537 ba, kuma ko akwai wata, tambaya ce da ke jiran masu bincike.