Yadda Kyamara Ta Koma Hannun 'Yan Gari a Tamale

Duk wanda ya halarci bikin Damba a Tamale cikin 'yan shekarun nan ya san masu ɗaukar hoto sun kusa kai yawan 'yan kallo. Da makaɗa sun ɗora gula a kan kalangu sai wayoyi su tashi sama, a sahun gaba kuma ga samari rataye da manyan kyamarori, wani ya durƙusa, wani yana ja da baya yana murɗa idon kyamararsa. Akasarinsu ba da wannan suke cin abinci ba, sha'awa ce ta kawo su. Kafin a zo nan an yi tafiyar fiye da shekara ɗari, kuma a farkon tafiyar mutumin Arewacin Gana shi ake ɗauka, wani ne ke riƙe da kyamarar.

A 1839 aka bayyana fasahar hoto a Faransa, ba ta daɗe ba ta sauka a garuruwan bakin teku na Afirka ta Yamma. A shekarun 1870 iyalan Lutterodt sun riga sun buɗe shagon hoto a Accra, a 1922 kuma J.K. Bruce-Vanderpuije ya kafa Deo Gratias a unguwar Jamestown. Arewa ta yi wa wannan sana'a nisa. Kayan aikin lokacin akwatin katako ne mai ƙafa uku, da faya-fayan gilashi masu saurin fashewa, da magungunan wanki da zafi ke lalatawa, kuma duk a ka ake ɗaukarsu.

Hanyar da ta san Arewa a lokacin ta fataken goro ce. Bayan basasar Salaga ta 1892 Hausawan kasuwar suka watsu, suka kafa zango a garuruwa daban-daban. A 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkin Arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale, gari ya buɗe, zangon Hausawa ya cika. Kyamara ta shigo ne tare da jami'an mulki da sojoji da 'yan mishan. R.S. Rattray, wanda ya buga tatsuniyoyin Hausa a 1913, ya zagaya ƙasashen Arewa yana rubutu yana ɗaukar hoto, littafinsa a kan al'ummomin yankin ya fito a 1932. Hotunan wancan zamani suna da amfani, domin sun adana mana kamannin kasuwa da gini da sutura. Amma sau da yawa sunan ƙabila ake rubutawa a ƙarƙashinsu, sunan mutumin da ya tsaya aka ɗauke shi ya tafi ke nan.

Abin da ya kai talaka gaban kyamara da ƙafarsa shi ne takarda. Fasfon aikin Hajji, lasin tuƙi, shaidar makaranta, kowanne yana neman fuska. Har waɗanda ke ƙyamar hoto saboda fatawar wasu malamai sun zauna an ɗauke su, tunda lalura ce. A bakin ofisoshi da tashoshin mota na garuruwan Gana aka sami masu hoton nan-take da akwatinsu. Mai hoto zai zaunar da kai a benci, baƙin ƙyalle a bayanka, ya cire murfin idon akwatin, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Sai ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinke a jikin akwatin, ya tsoma takardar a magani can cikin duhu. Abin da zai fito juyayye ne, fuska fara, farar hula baƙa. Sai ya kafa wannan a gaban idon ya sake ɗauka, ya ɗauraye a bokiti, ya miƙo maka da danshinsa.

Daga nan shagunan hoto suka yaɗu, aka fara zuwa don ado: ranar Sallah, bayan ɗaurin aure, ko idan za a aika wa ɗan'uwa da ke Kumasi. James Barnor, mai shagon Ever Young, ya dawo daga Ingila wajen 1970 ya kafa wurin wankin hoto mai launi na farko a Accra. Da injinan wanki suka yawaita a shekarun 1980, sai mutum bai buƙatar ɗakin duhu. Saurayi mai ƙaramar kyamara kan bi gidajen suna da biki, ya kai fim a wanke, ya dawo ya raba katuna ya karɓi kuɗinsa. Duk da haka sha'awa zalla tana da tsada. Kodak ta sayar da kyamarar Brownie dala ɗaya tun 1900, amma a nan fim mai ɗauka 36 da kuɗin wanki sun isa su sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya danna.

Wayar hannu ce ta rushe wannan shinge. Tecno da Itel da Infinix sun cika kasuwar Aboabo, kamfanin da ke yin su kuma ya daidaita kyamarorinsu don baƙar fata, abin da tsohon fim ya daɗe bai kula da shi ba. Wanda ya ƙoshi da waya kan sayi Canon ko Nikon na hannu, mai ido milimita 18 zuwa 55. Ba ya daɗewa sai ya nemi ido mai milimita 50, wanda ƙofarsa ke buɗewa har 1.8. Wannan yana shan haske sosai, yana fito da fuska tas, baya ya dushe, shi ya sa yake aiki a daren bikin Bugum, cikin watan Muharram, lokacin da hasken wutar ciyawa kaɗai ake da shi. Mai zuwa gandun dajin Mole yana son mai jawo nesa, kamar 70 zuwa 300, don giwa ba a matsa mata. Masallacin Larabanga kuwa ido mai faɗi yake so.

Gwajin sabon ido ba ya buƙatar tafiya. A rataye batakari a bango, a ɗauke shi da ƙofa a buɗe duka, a rage ta zuwa 4, sannan 8, a duba zaren saƙar a tsakiya da gefe. Nan ake gane inda idon ya fi kaifi. Babban abokin gaba shi ne hunturu: wanda ya canza ido a fili cikin ƙura zai ga ɗigo a kowane hoton sama har sai an goge cikin kyamarar.

Yanzu sha'awar ta sami gidaje. Nuku Studio, da mai hoto Nii Obodai ya kafa, ta shirya bikin hoto a 2018 tare da baje kolin rayuwar Arewacin Gana a Tamale, kuma tana da cibiya a garin. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a 2019, sannan Red Clay. Matasan da ke rubuta Wikipedia da Dagbanci suna fita rukuni-rukuni suna ɗaukar kasuwa da abinci da sana'o'i, suna ajiyewa inda kowa zai samu kyauta.

Aikin da ya rage shi ne adanawa. Tsofaffin albam suna cikin akwatunan iyayenmu, gara da damina suna cin su, na waya kuma suna tafiya ranar da wayar ta faɗi ko aka sace ta. Duk mai sha'awar hoto a Tamale ya kamata ya ware lokaci ya kwafi na gidansu, ya zauna da tsofaffi su faɗa masa wane ne wannan, wace shekara ce, a wace unguwa. Nasa ma ya wanke mafi kyawunsu a kati, ya rubuta suna da kwanan wata a baya, tun masu sanin fuskokin suna raye.