Nonon ruga da madarar buhu: me ke cikin furar da muke sha?

A Gusau a yau, mai son fura yana da zaɓi biyu. Ko dai ya tsuguna gaban Bafulatana ta dama masa a ƙwarya, ko kuma ya shiga shago a ɗauko masa ta roba daga firji, an riga an markaɗa ta da inji. Duka biyun "fura da nono" ake kiransu, amma sau da yawa farin abin da ke cikinsu asalinsa daban ne. Na farko daga saniyar da ke kiwo a dazukan Tsafe ko Bungudu aka tatso shi, na biyun kuwa mai yiwuwa garin madara ne da ya tsallako teku a cikin buhu.

Mene ne nono?

Madara ita ce ɗanyen abin da aka tatso. Idan aka zuba ta a ƙwarya aka rufe da faifai ta kwana, ta yi kauri da tsami, ta zama nono. Masu yin wannan aiki wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke cinye zaƙin madarar su mayar da shi tsami. Suna zaune a jikin ƙwaryar da kuma ragowar nonon jiya da ake ɗan zubawa a sabuwar tatsa, shi ya sa nonon wannan ruga ke bambanta da na waccan, na damina kuma ya bambanta da na rani.

Kindirmo shi ne wanda ba a fitar masa da mai ba, kuma galibi sai an tafasa madarar kafin a bar ta ta kwana. Wanda aka kaɗa aka kwashe man shanu, aka ƙara masa ruwa, shi ake kira tsala, kuma shi ne mai arha. Da rani, idan tatsa ta ja baya, wasu masu talla kan haɗa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Ita fura kuwa gero ce, da citta da kanumfari da barkono, a daka a dafa a kirɓa a cura.

Babbar siffar nonon ƙwarya ita ce yana da rai. Tun daga ruga har kasuwa bai daina aiki ba, tsaminsa ƙaruwa yake yi, don haka ba ya jira. Wannan ne daɗinsa, kuma wannan ne ya hana shi zama hajar da za a tara a sito a yi jigilarta zuwa Legas.

Abin da ke cikin buhu

Madarar kamfani ta daɗe a Najeriya. Peak ta shigo kasuwa a 1954, Fan Milk ta soma aiki a Ibadan a farkon shekarun 1960. Amma abin da ya kai madarar gari kowane teburin mai shayi shi ne ƙullin leda na ƙaramin kuɗi, wanda kamfanin Promasidor ya shigo da shi da sunan Cowbell a 1993.

Akwai madarar gari iri biyu da ya kamata mai saye ya sani. Ta farko cikakkiya ce, an busar da ita da manta. Ta biyu an cire mata man shanun an sayar da shi daban da tsada a Turai, sannan aka maye gurbinsa da man tsirrai, galibi na kwakwar manja da aka tace. Wannan ta biyun ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma tun da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar a watan Afrilun 2015, kwararar ta zuwa Afirka ta Yamma ta ƙaru. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS a kan madarar gari ta manyan buhuna kashi 5 ne cikin 100. A Kenya da maƙwabtanta na Gabashin Afirka kashi 60 ne.

Mai shagon fura a gari yana da hujjarsa. Buhun gari ba ya lalacewa don an ɗauke wuta, farashinsa sananne ne, kuma ba sai ya jira mai kawowa daga daji ba. Ya jiƙa, ya zuba abin tsami, washegari ya samu yogot mai kauri iri ɗaya kullum. Wasu manyan kamfanoni ma sukan sake dafa yogot ɗin bayan ya yi, su kashe halittun cikinsa, domin ya yi watanni a kwali ba tare da firji ba.

Ta fuskar lafiya, gaskiya ba ta tsaya gefe guda ba. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, kuma ruwan da ake sirka nono da shi a kasuwa ba kullum yake da tsabta ba. Tafasawa da sanyi suna magance mafi yawan wannan, kuma ba sa bukatar a sauya saniyar Bunaji ko Bokolo da buhu.

Darasi daga inda ba a zata ba

An taɓa yin irin wannan ja-in-ja a Ingila, a kan abin shan da Zamfara ta haramta tun da Shari'a ta fara aiki a watan Janairun 2000 zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Abin da ya shafe mu a labarin shi ne dabarar. A shekarun 1960, manyan kamfanoni shida sun mamaye mashayun ƙasar da giyar da aka tace aka dafa aka cusa wa iska, mai ɗanɗano ɗaya ko'ina, suka ture ta gargajiya wadda ke ci gaba da nuna a cikin ganga. A 1971 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA. Babban makaminsu shi ne suna: suka fayyace wace ce "ta ainihi", suka fara buga littafin da ke nuna wuraren da ake sayar da ita. Da mai saye ya iya rarrabewa, ƙananan masu sana'ar suka farfaɗo.

A Afirka ta Yamma ma an gwada. A 2018 ƙungiyoyin makiyaya da masu sarrafa madara a Nijar, Mali, Burkina Faso, Senegal da wasu ƙasashe suka ƙaddamar da gangamin Mon lait est local, wato madarata ta gida ce. Cikin bukatunsu har da ƙara haraji a kan garin da aka cakuɗa da man tsirrai, da hana a tallata shi da sunan madara tsantsa.

Kuɗin wa ke tafiya?

A gidan Fulani, shanu galibi na maza ne, amma nono na mata ne. Da kuɗinsa suke sayen gishiri da sabulu da sutura da kayan ɗakin 'ya'ya. Binciken da Ann Waters-Bayer ta yi a kudancin Kaduna a shekarun 1980 ya nuna cewa shirye-shiryen sayen ɗanyar madara don kai wa masana'anta sun yi ta tuntuɓe, saboda matan sun fi samun riba idan suka sarrafa da kansu suka sayar a ludayi. Duk tsarin da ya tsallake su, ya cire kuɗi ne daga hannunsu.

A Zamfara wannan sana'a ta sha duka ta kowace fuska. Satar shanu ta kwashe garake, iyalai da dama sun ƙaura da abin da ya rage, hanyar da mace za ta bi da ƙwarya a ka daga ruga zuwa kasuwar Nahuce ko Tsafe ta zama abin tsoro, a cikin gari kuma ana yi mata kallon zargi. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya. An yi hakan ne don a matsa wa 'yan bindiga, amma mai tallan nono ma ta rasa inda za ta sauke ƙwaryarta. Duk lokacin da nonon ruga ya yanke, buhu ne ke cike gurbin, kuma shagon da ya saba da buhu da wuya ya koma.

Gwamnatin tarayya ta yi ta kai-komo. A 2019 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ce ƙasar na kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 a shekara wajen shigo da madara. A Fabrairun 2020 bankin ya taƙaita bayar da dalar shigo da ita ga kamfanoni shida da suka yi alƙawarin zuba jari a kiwon gida, matakin da ya ƙara wa manya ƙarfi fiye da yadda ya taimaki makiyayi. A Maris 2024 aka janye shi. A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Matsalar tushe tana nan: saniyar gida lita ɗaya zuwa biyu take bayarwa a rana, rugage a warwatse suke, babu hanya babu sanyi. Kamfanoni irin su L&Z a Kano sun nuna cewa ana iya karɓar madara daga makiyaya a sarrafa ta a zamanance, amma hakan na bukatar wurin tattarawa mai firji kusa da ruga, da kuma zaman lafiyar da zai sa a kai gare shi.

Kayan da aka yi wa rajista da NAFDAC suna ɗauke da jerin abin da aka haɗa su da shi, kuma a nan mai saye zai ga ko an sa man tsirrai. Yogot ɗin da ake ɗebowa daga bokiti a shagon fura ba ya ɗauke da takarda ko ɗaya, sai dai a tambayi mai shagon.