Daga SAP Zuwa Keke NAPEP: Ina Rabon Matar Kulle?

Yau tarihi za mu taɓa, amma irin wanda ya shigo har cikin tukunyarmu.

A farkon shekarun 1980 farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, aljihun gwamnati ya rame. Shagari ya tsuke bakin aljihu a 1982, zamanin Buhari a 1984 aka rage ma'aikata, aka yi ta layin sabulu da madara. Sai Janar Babangida ya kawo SAP a 1986, aka karya darajar naira. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985, kafin ƙarshen 1986 ta haura naira uku. Kuɗin cefane bai ƙaru ba, mudu ne ya tashi. Manyanmu ba su manta ba.

Da kuka ya yi yawa, sai aka shiga neman magani. Aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE don koya wa matasa sana'a. A watan Satumbar 1987, watan da Katsina ta samu jiharta, Maryam Babangida ta ƙaddamar da Better Life. A 1989, bayan zanga-zangar ƙin SAP, aka buɗe People's Bank mai ba talaka ƙaramin rance ba tare da jingina ba.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Better Life dai an ce na matan karkara ne, kuma galibi sai an kafa ƙungiya, an je taro, an cike takarda. Matar da ke kulle a Rafindaɗi ko Ƙofar Marusa fa? Ita ba 'yar ƙauye ba, ita ba mai fita ba. Ba na cewa ba a amfana ba. Wasu sun samu injin niƙa, wasu keken ɗinki. Amma a ganina an ɗinka rigar ba a auna mu ba. Abin da ya riƙe gidaje da yawa a shekarun nan shi ne ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, fura da adashi. Kuma a faɗi gaskiya, 'ya'yanmu mata ne suka biya kuɗin, don su aka ɗora wa talla lokacin da ya kamata suna aji.

Bayan haka kowace gwamnati da nata. Maryam Abacha ta kawo Family Support a 1994, FEAP ya biyo baya a 1997. A 2000 aka narkar da FEAP da People's Bank cikin bankin manoma. A 2001 Obasanjo ya kafa NAPEP don yaƙi da talauci. Shi ma an naɗe tabarmarsa, sai sunansa da ya maƙale a jikin keken da ke kai mu awo da gidan biki.