BABI NA UKU: YUNƘURIN YARA NA SAMAR DA ZAMAN LAFIYA TSAKANIN ISRA'ILAWA DA FALASƊINAWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyin da shugabanni suka ƙulla tun daga shekarar 1948. A wannan babi kuwa za a dubi wani ɓangare da marubuta tarihin wannan rikici ba su cika tsayawa a kansa ba, wato rawar da yara suka taka wajen neman sulhu. Abin da ake nufi da yara a nan shi ne waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wannan iyaka tana da muhimmanci ƙwarai, domin da zarar Bayahuden Isra'ila ya cika shekara 18, namiji ne ko mace, doka ta wajabta masa shiga aikin soja.

Ya kamata a faɗa tun da farko cewa babu ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da za a ambata wadda yara suka kafa da kansu. Manya ne suka kafa su, su ne kuma suka nemo kuɗi. Abin da za a bi diddigi shi ne abin da yaran suka yi bayan an buɗe musu ƙofa, da kuma abin da ya same su saboda haka.

3.1 Kafin Yarjejeniyar Oslo

Duniya ta fara sanin yaran Falasɗinu ne da dutse a hannu. A watan Disamba na shekarar 1987 boren da ake kira Intifada ya ɓarke daga sansanin 'yan gudun hijira na Jabaliya a Gaza, kuma saboda yawan yaran da suka fito suna jifan sojoji har Larabawa suka laƙaba musu suna 'ya'yan duwatsu. Yaron Bafalasɗine bai san wani Ba'isra'ile ba sai soja, shi kuma yaron Bayahude bai san Balarabe ba sai a labaran talabijin ko lebura a wurin gini. Ko a cikin Isra'ila kanta, inda Larabawa suka kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jama'a, makarantun Larabawa daban suke, na Yahudawa daban.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka gwada karya wannan katanga shi ne wani ɗan ƙauye da ke kan tudu tsakanin Ƙudus da Tel Abib, mai suna biyu, Neve Shalom da Ibrananci, Wahat al-Salam da Larabci, ma'ana dausayin zaman lafiya. Wani limamin Katolika haifaffen Masar, Bruno Hussar, shi ya samo filin daga gidan sufayen Latrun a 1970. A 1979 aka buɗe wurin haɗa matasan ɓangarorin biyu don tattaunawa, sannan a 1984 aka buɗe firamare mai koyarwa da harsuna biyu.

3.2 Sansanin Jihar Maine

A farkon shekarar 1993 wani ɗan jaridar Amurka, John Wallach, ya miƙe a wata liyafa a birnin Washinton ya roƙi wakilan Isra'ila da Masar da Falasɗinawa kowa ya ba shi yara goma sha biyar. Daga nan ƙungiyar Seeds of Peace, wato Irin Zaman Lafiya, ta samo asali. A hutun makaranta na wannan shekara yara 46 suka taru a wani sansani a bakin tafki a jihar Maine. Sai kuma aka yi katari: ranar 13 ga Satumba, 1993, Yasar Arafat da Yitzak Rabin suka yi musafaha a fadar shugaban Amurka, yaran nan suna zaune cikin baƙi sanye da korayen riguna. A jawabinsa shugaba Bill Clinton ya nuna cewa babu wanda ya fi su muhimmanci a wannan taro.

Tsarin sansanin bai canza sosai ba a shekarun da suka biyo baya. Ranar farko kowace tawaga takan ɗaga tutarta ta rera taken ƙasarta a wajen ƙofa, a ciki kuwa babu tutar kowa sai ta ƙungiyar. Har tsawon mako uku yaran suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci tare, suna wasanni. Amma abin da ya fi wuya shi ne zaman tattaunawa na kullum, inda ake sa su gaba da gaba su yi maganar Ƙudus da 'yan gudun hijira da bama-bamai. A nan ne yaron da aka rushe gidansu yakan sami kansa yana sauraron yarinyar da kakarta ta tsira daga kisan ƙare-dangin Hitila, kowa yana ganin nasa baƙin cikin ya fi. Sau da yawa da kuka ake tashi. Manya sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to amma waɗannan yara sun zo ne an riga an tanƙwara su a gida.

Aikin da za a iya cewa nasu ne na ƙashin kansu ya fara ne bayan komawa gida. Sun riƙa buga jaridarsu mai suna The Olive Branch, wato Reshen Zaitun, wadda su ke rubuta ta, suna mayar wa juna martani a cikinta. Sukan buga wa juna waya duk lokacin da bam ya tashi ko sojoji suka shiga wani gari. A 1998 wasu daga cikinsu suka taru a garin Villars na Suwizalan suka tsara daftarin sulhu nasu, wanda aka miƙa wa Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Daftarin bai ɗaure kowa ba, babu kuma gwamnatin da ta yi aiki da shi. Duk da haka ya nuna cewa yara sun zauna a kan batutuwan da yarjejeniyar Oslo ta ɗage zuwa gaba.

Akwai suka da aka daɗe ana yi wa wannan shiri, kuma ba za a ce babu gaskiya a cikinta ba. Da Turanci ake magana a sansanin, kuma a shekarun farko hukumomi ne ke zaɓen masu zuwa, saboda haka yawanci 'ya'yan masu hali ne da 'yan makarantu masu kyau. Ɗan talakan Jabaliya da ya fi kowa jin zafin rikicin da wuya ya sami gurbi.

3.3 Yara Biyu

Bat-Chen Shahak yarinya ce Bayahudiya daga garin Tel Mond. Tun tana ƙarama take rubuce-rubuce a littafin ajiyar sirrinta, da yawa a kan zaman lafiya, tana kuma musayar wasiƙu da wata ƙawa Balarabiya. Bayan wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ya harbe Rabin ranar 4 ga Nuwamba, 1995, ta rubuta wa matarsa waƙar ta'aziyya. Wata huɗu bayan haka, ranar 4 ga Maris, 1996, ta tafi Tel Abib da ƙawayenta don bikin cikarta shekara 15. Wani ɗan ƙunar baƙin wake ya ta da bam a bakin kantunan Dizengoff, mutum 13 suka mutu, har da ita da ƙawayenta biyu. Sai bayan rasuwarta iyayenta suka tattara rubuce-rubucen suka buga, aka kuma fassara su zuwa Larabci. Iyayen sun shiga ƙungiyar iyalan da suka rasa 'yan uwa daga ɓangarorin biyu, wadda Yitzak Frankenthal ya kafa a 1995.

Na biyun shi ne Asil Asleh, Bafalasɗine mai takardar zama ɗan Isra'ila, daga garin Arraba a yankin Galili. Ya je sansanin Maine a 1997, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani a ƙungiyar saboda yawan wasiƙun da yake aika wa abokansa ta kwamfuta, Yahudawa da Larabawa. Matsayinsa ya fi na sauran tsauri, domin a tawagar Isra'ila yake zuwa alhali shi Bafalasɗine ne, ke nan kowane ɓangare yana iya kallonsa da shakka.

A ƙarshen Satumba na 2000 Intifada ta biyu ta ɓarke, Larabawan cikin Isra'ila ma suka fito zanga-zanga. Ranar 2 ga Oktoba Asil yana kusa da inda ake zanga-zangar a bakin garinsu, sanye da koriyar rigar ƙungiya. 'Yan sanda suka bi shi cikin gonar zaitun, aka harbe shi a wuya daga kusa. Yana da shekara 17. Da wannan riga aka binne shi. Yana cikin Larabawa 13 da 'yan sanda suka kashe a waɗannan kwanaki. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin mai shari'a Theodor Or, wanda a rahotonsa na 2003 ya soki 'yan sanda da yin amfani da ƙarfin da ya wuce kima. Amma a 2005 sashen binciken 'yan sanda ya rufe fayilolin, a 2008 kuma babban lauyan gwamnati Menahem Mazuz ya tabbatar da rufewar. Ba a gurfanar da ko ɗan sanda ɗaya ba.

Wannan mutuwa ta girgiza ƙungiyar fiye da duk wata muhawara. Wasu abokansa Yahudawa sun je Arraba gaisuwa. Wasu daga cikin Falasɗinawa kuwa suka fara tambaya, in har rigar ba ta kare Asil ba, mene ne amfaninta? Daga wannan lokaci kalmar Larabci ta taɗbi'i, wato mayar da mamaya tamkar ba komai ba, ta zama zargin da ake jifan duk wanda ya zauna da Isra'ilawa da shi. Abokan da aka yi hoto da su a Maine kuma sai ga wasunsu cikin kakin soja a shingen bincike.

Wani fim mai suna Promises, wato Alkawura, wanda ya fito a 2001, ya kama wannan matsala tun kafin ta bayyana. An bi yara bakwai na Ƙudus da kewayenta, har aka kai wasu tagwaye Yahudawa sansanin Dehesha kusa da Baitalami suka yini suna wasa da yaran can. Kafin rana ta faɗi wani yaro Bafalasɗine ya fashe da kuka, yana tsoron da zarar mai shirya fim ɗin ya tafi za a manta da su. Haka kuwa aka yi, zumuncin bai ɗore ba, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai ta rabin awa a mota ba.

3.4 Makarantun Haɗaka

Ganin cewa haɗuwar mako uku ba ta isa ba, wasu suka koma ga hanyar Neve Shalom. A 1997 Amin Khalaf da Lee Gordon suka kafa ƙungiyar Yad be-Yad, wato Hannu da Hannu, wadda ta buɗe azuzuwan farko a 1998 a Ƙudus da Galili. A ƙananan azuzuwa malamai biyu ke shiga, ɗaya Balarabe ɗaya Bayahude, kowa da harshensa. Lokacin da ya fi wahala a shekara shi ne sa'ad da Yahudawa ke tunawa da sojojinsu da murnar kafa ƙasa, Larabawa kuma ke juyayin Nakba. Akan raba yaran kowa ya yi nasa, sannan a sake haɗa su.

Daren 29 ga Nuwamba, 2014, wasu 'yan ƙungiyar Lehava suka cinna wa ajin 'yan firamare ɗaya wuta a makarantar Ƙudus, suka rubuta kalaman ƙin Larabawa a bango. Ɗalibai suka dawo makaranta, suka rataya nasu rubuce-rubucen da harsuna biyu. Shugaban ƙasa na lokacin, Reuven Rivlin, ya karɓi 'yan ajin da aka ƙona a gidansa, kotu kuma ta ɗaure mutum uku. Sai dai waɗannan makarantu na mazauna Isra'ila da Ƙudus ne kawai, ɗalibansu ba su wuce 'yan dubbai ba, kuma iyayen Yahudawa da dama sukan cire 'ya'yansu bayan firamare.

3.5 Abin da Ya Saura

Masu bincike biyu daga Jami'ar Shikago, Juliana Schroeder da Jane Risen, sun bi yaran da suka je Maine tsakanin 2010 da 2012. Sun gano cewa ra'ayin yaran game da ɗaya ɓangaren yakan gyaru a sansani, sannan ya ja baya bayan wasu watanni a gida, ko da yake ba ya komawa inda ya fito gaba ɗaya. Waɗanda suka fi riƙe canjin su ne waɗanda suka yi aboki ko da guda ɗaya. To, a nan gizo ke saƙa, domin riƙe aboki yana bukatar hanya. Katangar da Isra'ila ta fara ginawa a 2002 ta raba Yammacin Kogin Jodan da Ƙudus, killace Gaza daga 2007 kuma ya sa fitar yaro daga can ya zama sai da takardun izini masu wuyar samu.

Ranar 7 ga Oktoba, 2023, mayaƙan Hamas suka kai hari kudancin Isra'ila, aka kashe mutum kimanin 1,200, aka kama kusan 250, ciki har da ƙananan yara. A yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar kan Gaza an kashe dubun-dubatar mutane, dubbai da yawa daga cikinsu yara ne. Makarantun Hannu da Hannu sun koma karatu bayan 'yan makonni, yaron da ke da dangi a Gaza yana zaune kusa da wanda aka kira mahaifinsa fagen daga. A Gaza kuwa, bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗalibai kimanin 625,000 ne suka rasa shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 baki ɗaya, yawancin gine-ginen makarantun kuma ko dai an rushe su ko sun zama matsugunin waɗanda suka rasa gidajensu.