Tafiyar CMS Zuwa Kano a 1900 da Komawar Aikin Zariya

A shekarar 1900 ƙungiyar CMS ta ikkilisiyar Angalikan ta tura ayarin mutum biyar domin kafa tashar bishara a birnin Kano. Bishop Herbert Tugwell ne ya ja gaba. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus. Kano suka zaɓa saboda a can hanyoyin fatake suke haɗuwa, abin da aka ji a kasuwarta kuwa yakan kai nesa.

Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar gari. Lokacin Turawa ba su ci Kano ba tukuna, sai a 1903, don haka maganar sarki ita ce ta ƙarshe. Suka juya suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Zaman Girku ma bai ɗore ba.

Mai karanta Ayyukan Manzanni sura 16 ya san irin wannan: an hana Bulus yin wa'azi a Asiya, an hana shi shiga Bitiniya, daga Taruwasa kuma ya haye Makidoniya.

A 1905 Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya. Tunda wa'azi a fili ba shi da ƙofa, sai ya duƙufa kan abin da hannunsa ya kai: ɗakin magani, makarantar yara maza, da fassara. Wannan ƙaramin aiki, a ganinmu, ya fi ainihin shirin nauyi. A 1929 aka sake tayar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa, da asibitin St. Luke. Daga wannan jama'a Dr. R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, a Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi.

Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932, Miller na cikin manyan masu fassara shi. Majami'u daga Kano zuwa Jos, har Jamhuriyar Nijar, da shi suka yi ta sujada shekara da shekaru, kafin sabuwar fassara ta fito.